Labarin bamfaya da nake rubutawa ya ƙi ba da tsoro, ina gyaran yake?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta labari ina sakinsa shafi-shafi a WhatsApp, a kan bamfaya, mataccen nan da ke tasowa da dare yana shan jinin mutane. Masu karatu sun ce soyayya ce kawai aka ƙara wa saurayin fiƙa. Wani ma cewa ya yi ban tsoro ba fagen mata ba ne. Shin bamfaya na cikin labaran ban tsoro kuwa? Me zan gyara?

Wata malamar adabi: Wa alaikumus salam ƙanwata. Mai waccan magana bai yi karatu ba. Tun 1794 Ann Radcliffe ta hana mutanen Ingila barci da The Mysteries of Udolpho. Mary Shelley tana da shekara 18 ta fara Frankenstein, a wani gida a bakin tafkin Janeba a 1816, kuma daga wannan zaman ne John Polidori ya samo The Vampyre da ya fito a 1819. Kin ga gida ɗaya suka fito.

Ki nemi Good Lady Ducayne na Mary Elizabeth Braddon, 1896. Babu kabari, babu fiƙa. Tsohuwa ce mai dukiya take ɗaukar 'yan mata aikin taya ta zama, likitanta yana shaƙa musu maganin barci yana ɗibar jininsu yana ƙara mata. Yarinyar tana ganin tabo a hannunta tana cewa sauro ne. Mai karatu ya gane, ita ba ta gane ba, kuma albashin ya yi tsoka da yawa balle ta gudu. Tsoron ke nan.

Inda masu karatunki suka yi gaskiya: tun da Anne Rice ta ba bamfaya bakin magana a Interview with the Vampire a 1976, aka ƙara tausaya masa, har aka zo Twilight na Stephenie Meyer a 2005, wanda soyayyar matasa ce zalla. Sa bamfaya a labari ba ya mai da shi na ban tsoro.

Wani mai tace rubutu: Mai tambaya, ɗauki takarda ki amsa wannan kafin ki ƙara shafi: duk daren da bamfayan ya ci abinci, wa ya biya? In jinin dabba yake sha, ko wasu marasa suna da ba mu taɓa jin muryarsu ba, babu wanda gabansa zai faɗi. Sai ya taɓa wadda muka sani, ƙanwar jarumar ko mai kitson unguwa, kuma kada ta warke a shafi na gaba.

Sannan ki rubuta dokokinsa a shafi guda, kada su wuce biyar: me ke kashe shi, me ke hana shi shiga gida, kwana nawa yake jure yunwa, yaya ake zama irinsa. Ki nuna su tun farko, kada ki karya ko ɗaya don ki ceci jaruma. Ba dole ki bi na fim ba. A Dracula na Bram Stoker, 1897, yana yawo da rana a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Mutuwa da hasken rana fim ɗin Nosferatu na 1922 ne ya yaɗa ta.

Abin da ya fi kashe irin wannan labari shi ne saurin nuna shi. Kun bayyana fuskarsa, motarsa da turarensa tun shafi na biyu, to me ya rage? A fara da akuya da aka tsinta a mace ba yanka, sai maƙwabciya mai rama ba ciwo, sai ƙofa da aka kulle da dare aka tarar a buɗe.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ku riƙa gyara lissafin jini don Allah. Babban mutum yana da kamar lita 5. Abin da ake ɗiba a gudummawa bai kai rabin lita ba, mutum ya tashi ya tafi. In ya rasa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, zuciya na bugu da sauri, ga jiri, ga gumi mai sanyi, ga ƙishirwa. Daga lita 2 rai na cikin haɗari. Wadda ake ɗiba kaɗan-kaɗan kuwa, cikin idonta da tafin hannunta ne za su yi fari, ta riƙa haki daga ɗaukar bokiti. A gida za a ce shawara ce ko sammu, a yi ta jiƙe-jiƙe. Wannan jinkirin ki yi amfani da shi.

Wani ɗan uwa: In a Kano ko Zinder labarin yake, akwatin gawa ba zai zauna ba, 'yar uwa. Mu a likkafani muke binnewa, galibi ranar da aka rasu. Sai ki nemo masa wata makwanta da dalilinta. Octavia Butler a Fledgling, 2005, ta sa baƙar fatar jarumarta, wadda bamfaya ce, ke ba ta damar jure rana. Ta sauya doka, amma ta kawo hujja.

Malamar adabi: Haka ne. Wasu za su ce ki mai da shi maye kawai, tunda muna da kamun kurwa da tsallaka mara lafiya. Zai yiwu, kuma ya fi tsoratarwa, don maye da rai yake, kwano ɗaya ake ci da shi. Amma ki kula: zargin maita yana jawo wa mutane duka har da kisa, yawanci tsofaffin mata. Kada ki jingina shi ga wata ƙabila ko wani gari na gaske.