Baba ya sa haƙoran roba, magana ta ƙi fita daidai

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 8 da aka sa wa mahaifinmu haƙoran roba, sama da ƙasa, a nan Kumasi. Wajen abinci da sauƙi, koko da tuwon zafi suna wucewa. Magana ce ta gagara. In ya ce "sannu" sai ka ji fito, yawu ya cika masa baki, na ƙasan kuma yana ƙwas-ƙwas. Shi ke jan salla a masallacin layinmu, yanzu ya ce wani ya shiga gaba. Abin zai wuce ne, ko aikin ne bai yi kyau ba?

Mai Haɗa Haƙora, Asawase:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kwana 8 ya yi kaɗan a yanke wa aikin hukunci. Yawanci harshe na ɗaukar mako 2 zuwa 4 kafin ya saba.

Haƙorin sama yana da faranti da ya rufe ganɗa. Harshen da ya shekara sittin yana taɓa wuri ɗaya in zai ce s, z, ts, sh, t, d da r, yanzu roba yake tararwa, kuma ba ya jin inda ya sauka. Harafin "s" ya fi shan wahala, don iska ce ke bi ta wata siririyar hanya tsakanin kan harshe da bayan haƙoran gaba. In hanyar ta matse sai fito. In ta yi faɗi, "sannu" ta koma "shannu".

Ya riƙa karatu da ƙarfi, minti 10 zuwa 15, safe da yamma, a gaban madubi, a hankali kamar mai koya wa yaro. Ya ƙirga daga sittin zuwa saba'in da tara. Ya maimaita "sassafe", "tsintsiya", "zazzaɓi", "shasshawa", kowace sau goma. Wadda ta ƙi, ya raba ta gaɓa-gaɓa. Ku ɗauki muryarsa a waya yau, ku sake bayan mako guda. Shi yana jin muryarsa ta cikin ƙashin kai, don haka lalacewar da yake ji ta fi wadda ku kuke ji.

In an wuce wata guda fiton na nan, ba laifin harshe ba ne. Likita zai rage kaurin robar bayan haƙoran gaba, ko ya ƙara kaɗan.

Hajiya Nas, Nima:
Ɗana, yawun nan kada ya dame ku. Baki ya ɗauka abinci aka sa masa, cikin mako ɗaya ko biyu zai ragu. Ya yawaita haɗiya kawai.

Ƙwas-ƙwas ɗin ne abin lura. Na ƙasa ba shi da ganɗar da zai manne wa, a kan dasashi yake zaune, harshe na motsi sai ya ɗaga shi. Kafin Baba ya fara magana, ya cije a hankali, ya haɗiye yawu, ya ajiye kan harshe a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Man liƙa irin Fixodent na taimakawa: a wanke haƙorin, a tsane shi, ɗigo 3 ko 4 ƙanana, nesa da gefe. In man ya tsatso waje, ya yi yawa. Amma in haƙoran suna karo da juna ko da yana magana a hankali, mai yiwuwa sun yi tsawo, wannan kuwa man liƙa ba ya gyara shi. Goro dai a haƙura da shi tukuna, ko a gurza.

Alaramma Sabon Zango:
Game da limanci, Baba ya ware haruffan da da ma suke da sautin fito, wato sinun, sadi da zayun, ya yi ta bitarsu. Sai masu fita daga kan harshe da bakin haƙoran sama, irin na "allazina", da "fa" wadda haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa. Waɗannan ma za su fi masa daɗi yanzu fiye da lokacin giɓi. Suratun Nasi ta ishe shi gwaji, kowace aya da sinun take ƙarewa. Ya fara jan azahar da la'asar da ake karatu a ɓoye, magariba ta biyo baya.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai. Akwai wani gefe da ke cin masa dasashi, ƙanena ya ce a goge da fayil. Kuma ya kwana da su don ya saba da wuri?

Mai Haɗa Haƙora, Asawase:
Kada ku taɓa shi da fayil. Gefen nan shi ke riƙe haƙorin, in aka ci shi fiye da kima ya saki ke nan. Ya sa su na wasu awoyi kafin ku je wurin likita, don jan wurin ya nuna inda za a rage. Da dare ya cire, sai in likitan ne ya ce ya kwana da su. A wanke da buroshi mai laushi da sabulun ruwa, a jiƙa a ruwan sanyi. Ruwan zafi yana lanƙwasa robar. In kuma ba a daɗe da cire masa haƙoransa na asali ba, dasashi zai ci gaba da motsewa har wata 3 zuwa 6, sai a koma a yi wa haƙorin ciko daga ciki ya sake zama daram.