Wai awon dantse kaɗai ne zai nuna yaro na da tamowa?

Abban Walid: Jama'a abin nan ya ci min rai wallahi. Ɗan ƙanwata a Rigasa ya cika shekara 3 amma in ka gan shi ba za ka ba shi biyu ba, ta kai shi asibiti suka naɗa masa abin awon nan a dantse wai ya faɗa kore, ba za a ba shi abincin tamowa ba. Ni dai ban yarda da awon nan ba, masu ido da sani ake ba, matan ƙauye ko tambaya ba sa iya yi.

Maman Ilham: Abban Walid ka yi haƙuri, aikina ne. Awon dantse rama yake nunawa, ga yara daga wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama kore. Muna kuma danna bayan ƙafa da yatsa, in wurin ya loɓa bai taso ba to kumburi ne, shi ma tamowa ce mai tsanani ko da awon ya nuna kore. Abin da ka faɗa ya fi kama da tsumburewa, ita kuma tsayi ake gwadawa da shekaru, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya ƴan ƙasa da shekara 5 haka suke. Ta koma a auna tsayinsa da nauyinsa don Allah.

Sani Rigasa: Tsaya tukuna, Rigasar ce ƙauye?? Unguwar da tashar jirgin ƙasa take?

Abban Walid: Ni ban ce Rigasa ba malam, karanta da kyau.

Hajiya Binta: To su matan ƙauyen me suka yi maka? Daga Giwa nake, matanmu tun asuba suke kama layi da goyo a baya, kai ka taɓa bin layin?

Usman Kawo: Hajiya a faɗi gaskiya, su waye ke sayar da abincin a kasuwa, manya na shan na yara?

Hajiya Binta: A cikin gari ka gani ko a ƙauye? Wanda ƴan bindiga suka hana noma shi za ka zaga?

Sani Rigasa: Ƴan Kawo dama kun saba raina mu.

Maman Ilham: Jama'a maganar yaron fa.

Usman Kawo: Ku ma'aikata ai ba za ku taɓa yarda da laifinku ba.

Admin Garba: Ya isa haka, na rufe. Abin da na fahimta, kowa ya yarda Rigasa ba ƙauye ba ce kuma mu mutanen Rigasa an daɗe ana mana wannan kallon, Usman ya janye maganarsa. Abban Walid a gaida yaro, Allah ya ba shi lafiya.