Wa ya taɓa hawa Batu Caves? A ba mu labari dan Allah

Sabon Zuwa:
Salam jama'a. Ban daɗe da shigowa Maleshiya ba, nan Gombak nake karatu. Duk sanda muka bi babban titi za mu cikin garin Kuala Lumpur sai in hango wani ƙaton gunki ruwan zinare tsaye a gindin dutse, ga matakala kala-kala a bayansa sun miƙe har sama. Ɗan ɗakinmu Ba'indiye ne yace wajen bautarsu ne, ya dame ni wai in zo mu je ran asabar. Waɗanda suka je ku faɗa mun ya abin yake, ana barin musulmi ya shiga? ana biya? hawan da wuya?

Abu Sadik:
Wa alaikassalam, sannu da zuwa ƙanina. Ana barin kowa, babu mai tambayarka addininka a ƙofa, kuma babban kogon na sama kyauta ne. Akwai wani a gefe kusa da tashar jirgin ƙasa, kogon Ramayana, inda koren gunkin nan mai fuskar biri yake wanda suke kira Hanuman, shi ne ake yankar tikiti. Tunda a Gombak kake ai kusa ne, Grab kawai za ka hau, tasin nan da ake kira ta waya. In daga cikin gari ne kuma jirgin ƙasa na KTM Komuter daga KL Sentral, babbar tashar Kuala Lumpur, Batu Caves ce tashar ƙarshe ba ruwanka da ɓata, kana fita daga tasha ka shigo harabar. Matakalar 272 ce. A baki kamar ba yawa ko? to ba irin hawan Dala ba ne da kake tafe kana hira, wannan a tsaye take ƙyam ga zafin ƙasar nan mai danshi, kafin rabi rigata ta jiƙe sharkaf. Ka je da sassafe shine shawarata.

Maman Khairat:
Ni dai birai zan ja maka kunne a kansu wlh. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan, suna zaune a kan ƙarfen matakalar suna ƙare maka kallo, hannunka suke kallo ba fuskarka ba. Da yara muka je, Khairat na riƙe da robar lemo, kafin in ce me wani ya diro ya fizge, ya koma gefe ya huda gindin robar da haƙori yana tsotsa yana kallonmu, yarinya sai ihu. Wata baturiya a gabanmu kuma leda suka yage mata ayaba ta watse, nan da nan suka taru mata kamar an yi shela. Duk abin ci ka sa cikin jaka ka zuge, kar ka riƙe leda mai ƙara, kuma kar ka yi musu dariya haƙora a waje suna ɗauka faɗa kake nema. Mata kuma mu da hijabi ba mu da matsalar sutura, waɗanda suka zo da gajeren wando ko siket sama da gwiwa su ake tarewa a ƙasan matakala sai sun ɗaura zani. Sai dai doguwar abaya tana harɗe ƙafa a hawan, a tattare ta da kyau. Jirgin ma yana da taragon mata zalla in da matarka za ka.

Injiniya:
Hhhh Maman Khairat Allah ya huci zuciyar 'yata. Ni abinda ya ɗau hankalina cikin kogon ne. Kana gama matakalar sai iska mai sanyi ta buge ka, ka ɗaga kai rufin ya yi sama sosai, ana cewa ya kai wajen mita 100, ruwa na ɗiga daga duwatsun da suka zuro ƙasa, ƙasan duk santsi. Ka ƙara gaba akwai wata 'yar matakala kuma da za ta kai ka wani fili da saman sa yake buɗe, rana na faɗowa ta ramin, bishiyoyi sun fito a bakin ramin can sama. Dutsen farar ƙasa ne, masana suna cewa ya kai shekara miliyan 400. Gsky Subhanallah kawai nake ta yi. Warin wajen dai sai haƙuri, turaren tsinke da kafur da kashin tattabaru da na jemage duk sun haɗu, har zakaru na gani suna yawo a ciki suna cara. Shi gunkin na waje sunansa Murugan, tsayinsa mita 42.7, a Janairun 2006 aka buɗe shi, siminti ne da rodi aka shafa masa fenti ruwan zinare ba wai zinare ba ne kamar yadda wani abokinmu ya dage. Fentin matakalar ma a 2018 aka yi shi, kuma tunda aka yi shi masu selfi suka ninka.

Malam Na Bakin Masallaci:
Ni tambayata ɗaya ce. Me musulmi zai je nema a inda ake bautar wanin Allah? Wuraren yawon buɗe ido sun ƙare ne a ƙasar?

Abu Sadik:
Allah gafarta Malam maganarka abin dubawa ce, kuma ba zan ja da kai a fatawa ba. Duk wanda zuciyarsa bata kwanta ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi ko ya haƙura, ba abin dole ba ne. Ni dai da na je na tsaya a matsayin baƙo. Ɗakunan bautar nasu an kewaye su, a nan ake cire takalmi, ban shiga ba. Mai kula da gunkin yana tsaye ba riga da tire a hannu, fitila na ci a kai, yana shafa wa mutane farin toka a goshi, ya miƙo wajena na dafa ƙirji na girgiza kai, ya yi murmushi ya wuce na gaba. Shikenan, ba wanda ya matsa mun.

Hajiya Turai:
Abinda ya ɓata mun rai ni ba masu bautar ba ne, masu kallon ne. Wata tsohuwa na gani da tulun madara a ka tana hawa ƙafa ba takalmi, duk taka ɗaya sai ta tsaya ta yi numfashi, leɓenta na motsi, sai ga wasu samari sun tare mata hanya wai suna ɗaukar bidiyo, har ɗaya ya kai mata waya dab da fuska. Haba dan Allah. Addininta daban da namu amma ita a wajenta ibada take, kai kuma ka zo kallo, ai sai ka kauce mata. Mu ma ba ma so a yi mana haka.

Ɗan Tsohuwa:
Ku duk ranar da ba kowa kuka je. Ni lokacin Thaipusam na je, bikinsu na shekara da yake faɗowa cikin Janairu ko Fabrairu in wata ya cika, har hutu ake bayarwa a jihar Selangor inda dutsen yake da Kuala Lumpur. Tun 1892 ake yinsa a wajen, 'yan Tamil ne da kakannin yawancinsu Turawan Ingila suka kwaso daga kudancin Indiya aikin gonakin roba da layin dogo, wani attajirinsu K. Thamboosamy Pillai shi ya fara kafa gunkin Murugan a cikin kogon. Ana fara abin ne daga haikalin Sri Mahamariamman na cikin gari, a ɗora wani ƙaramin gunkin Murugan a keken azurfa a rako shi da ƙafa cikin dare wajen kilomita 15 har gindin dutsen. Mu da asuba muka isa amma wlh ba masaka tsinke, ba kai kake tafiya ba jama'a ke tafiya da kai, duk inda ka juya rawayen kaya ne da kawuna an aske tas an shafe da wani abu rawaya, maza da mata har jarirai, ga ganguna kamar za su fasa maka ƙirji ana ta ihun vel vel, wato sunan mashin Murugan. Wani mutum ya wuce ta gabana kusa sosai har ina jin hucinsa, an soke masa tsinken ƙarfe ta kunci ɗaya ya fito ta ɗayan, bayansa duk ƙugiyoyi an rataya lemon tsami a jiki, a kafaɗarsa ga wani ƙaton abu da suke kira kavadi an ƙawata shi da gashin dawisu, idonsa a juye kamar baya nan, 'yan uwansa na biye da kujerar roba in ya gaji su ajiye ya zauna su matsa masa ƙafa su zuba masa ruwa. Abin mamaki ban ga jini yana zuba ba. Abokina ɗan Tamil yace alwashi ne suke cikawa, wasu sai sun yi kwana 48 ba nama ba kusantar iyali kafin ranar. Wanda ya fi tsaya mun a rai wasu mata da miji ne, sun ɗaura zani rawaya a jikin sandunan rake sun sa jariri a ciki kamar lilo, mijin a gaba matar a baya suna hawa da shi, wai sun daɗe suna neman haihuwa. Matar kuka take tana dariya. Ban iya hawa sama ba ranar, an ware layin matakala ga masu ɗauke da kaya kuma cunkoson ya fi ƙarfina, na tsaya ƙasa. Rumfuna ne birjik ana raba ruwa da lemo da abinci kyauta ba a tambayar waye kai. In kana da hawan jini ko baka son matsi kar ka soma zuwa ranar.

Injiniya:
Ɗan Tsohuwa ka yi ƙoƙari, ni ko a bidiyo bana iya kallon sukar nan.

Likitan Gobe:
Ina Chennai ta Indiya ni, naku na Maleshiya ai mai sauƙi ne. Nan akwai Tirumala a saman garin Tirupati jihar Andhra Pradesh, 'yan ajinmu suka ja ni. Hanyar ƙafa ta Alipiri matakala 3,550 ce, kuma mutane ba takalmi suke hawa, wasu mata duk matakala sai sun duƙa sun shafa mata kurkum da jan gari, ka lissafa duƙawar. Bambancin shine a can in kai ba Hindu ba ne sai ka sa hannu a takarda cewa ka yi imani da abin bautarsu Venkateswara kafin ka shiga ciki. Ina jin haka nace su shiga ina jiransu a waje, kuma jiran ba na wasa ba ne dan layinsu awanni yake ci. Can ma aski ake yi ba dare ba rana, gashin kuma hukumar haikalin gwanjonsa take a fitar da shi waje a yi gashin kanti, dan haka 'yan uwa mata masu sayen ɗan Indiya ku san daga inda wani yake fitowa.

Maman Khairat:
Innalillahi, Likita ka ɓata wa wasu kwalliya yau. Sabon Zuwa ka yi sallarka kafin ka fita ko ka bari sai KL Sentral akwai wajen sallah a tashar. Abinci kuma shagunan gindin dutsen yawanci na ganye ne ba nama, shinkafa a kan ganyen ayaba da tosai, wata irin waina mai faɗi, sai ruwan kwakwa mai sanyi in ka sauko. Kuma ka sa takalmi mai kama ƙasa ba silifas ba, ruwan yamma in ya sauko matakalar nan santsi take, saukowar ta fi hawan cin gwiwa.