Neman shawara: sabar DHCP tana ba wasu adireshi tana hana wasu, sabon VLAN kuma ko ɗaya bai samu ba

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana harkar netwok. Ofishi ne mai kwamfutoci 45, firinta 3, da wayoyin ma'aikata wajen 40 a kan waifai. Sabar DHCP, wato mai raba wa na'urori adireshin IP, tana kan Ubuntu da isc-dhcp-server, adireshinta 192.168.10.2, ƙofar fita kuma 192.168.10.1. An ware mata daga .100 zuwa .200 ta riƙa rabawa, wa'adin haya, wato tsawon lokacin da na'ura ke riƙe adireshi, kwana 7. Suwic ɗin Cisco ne, shi ke haɗa VLAN da VLAN, wato sassan da aka raba netwok ɗin; na ma'aikata shi ne VLAN 10.

Ga abin da ke faruwa. Wasu wayoyi sai su tsaya kan neman adireshi su ƙi shiga, wasu kwamfutoci kuma su fito da 169.254 da wani abu. Wasu su sami 192.168.0.x, alhali ba mu da wannan jerin, kuma duk wanda ya same shi ba ya ganin intanet. Firinta ɗaya da aka sa wa .150 da hannu tana ɓacewa ta dawo. Sannan an buɗe VLAN 20 don baƙi, 192.168.20.0/24, amma har yanzu babu na'urar da ta sami adireshi a can. Ina tunanin goge komai in sake girka sabar. Me kuke gani?

Mai Gadin Saba:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka goge komai. Matsala huɗu ce daban-daban ka lissafo, kuma biyu daga ciki ba a kan sabar suke ba, ko sau goma ka sake girka ta suna nan.

Fara da 169.254. Wannan adireshi ne da kwamfuta ke ba kanta idan ta yi ta kira babu sabar da ta amsa. Daga .100 zuwa .200 adireshi 101 ne. Na'urorinka na kullum sun kusa 90, saura 'yan kaɗan. Da yake VLAN na baƙi bai fara aiki ba, baƙin suna shiga waifai na ma'aikata, kuma duk wanda ya shiga na minti goma ya tafi, adireshinsa na ɗaure har kwana 7. Ƙari a kan haka, tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi ba sa nuna adireshin MAC nasu na asali, wato lambar katin netwok ɗinsu, suna ƙirƙiro wani, wasu kuma suna canza shi daga baya. Duk canji, sabar tana ɗauka sabuwar na'ura ce ta ba ta sabon adireshi. Idan harafi na biyu a MAC ya kasance 2, 6, A ko E, galibi irin wannan ne.

Ka tabbatar kafin ka taɓa komai:

journalctl -u isc-dhcp-server | grep "no free leases"

Idan layin ya fito, rumbun adireshin da sabar ke rabawa ya ƙare. Ga gyaran a /etc/dhcp/dhcpd.conf:

authoritative;
default-lease-time 28800;
max-lease-time 43200;

subnet 192.168.10.0 netmask 255.255.255.0 {
  range 192.168.10.50 192.168.10.250;
  option routers 192.168.10.1;
  option domain-name-servers 192.168.10.1;
}

Adireshi 201 ke nan, haya awa 8. Layin domain-name-servers ka sa adireshin abin da ke yi muku DNS a zahiri, wato mai juya sunan shafi zuwa adireshi, na sa .1 ne a matsayin misali. Daga .1 zuwa .49 ka bar su don saba, suwic, firinta da na'urorin waifai. Kafin ka faɗaɗa, bincika ko akwai abin da aka sa wa adireshi da hannu tsakanin .50 da .99 ko .201 da .250. Umarnin arp-scan --localnet zai nuna maka duk abin da ke kunne, har waɗanda ba sa amsa ping.

Rage wa'adi ba ya sakin hayar da aka riga aka bayar. Wanda ya tafi jiya da haya ta kwana 7 zai riƙe ta har ta ƙare. Faɗaɗawar ce za ta ba ka sauƙi yau. Kuma kada ka goge /var/lib/dhcp/dhcpd.leases don ka sami fili. Sabar za ta manta wa ta ba me, ta fara raba adireshin da ke hannun mutane, ka wayi gari da karo iri-iri.

Duk lokacin da ka gyara fayil, gwada shi da dhcpd -t -cf /etc/dhcp/dhcpd.conf kafin ka sake kunna ta. Alamar ; guda ɗaya da aka manta ta isa ta hana sabar tashi.

Injiniya Mai Suwic:

Batun 192.168.0.x shi ya fi gaggawa a ganina, domin akwai wata sabar DHCP a cikin netwok ɗinka wadda ba kai ka sa ta ba. Kusan kullum ƙaramar rauta ce ta gida da wani ya jona don ya ƙara ƙarfin waifai a ɗakinsa, ya cusa kebul a ramin LAN, bai kashe DHCP ɗinta ba.

Yadda abin ke aiki: na'ura idan ta shigo tana yin shela ga kowa da saƙon Discover. Duk sabar da ta ji sai ta miƙo Offer. Na'urar ta zaɓi ɗaya ta aika Request, sabar ta rufe da Ack. Yawancin na'urori tayin da ya riga isowa suke karɓa, ba su da hanyar gane wace saba ce ta halal. Shi ya sa abin yake kama wasu ya bar wasu. Kuma lokacin da rumbunka ya ƙare, taka sabar ta yi shiru, waccan ita kaɗai ke amsawa.

Je ka kan kwamfutar da ta sami adireshin banzan, ka buga ipconfig /all, ka duba layin DHCP Server. Za ka ga adireshin mai laifin, misali 192.168.0.1. Yi masa ping daga wannan kwamfutar, sannan arp -a ya ba ka MAC ɗinsa. Ka koma kan suwic:

show mac address-table address xxxx.xxxx.xxxx

Zai gaya maka ramin da take. Bi kebul ɗin. Idan ana bukatar rautar, kashe DHCP a cikinta, ba ta adireshi daga .1 zuwa .49, ta zama mai watsa waifai kawai. Kwamfutocin da suka kamu ka yi musu ipconfig /release sannan ipconfig /renew.

Don kada a maimaita, kunna tsaron da suwic ɗinka yake da shi:

ip dhcp snooping
ip dhcp snooping vlan 10,20

Sannan a ramin da sabar take, da duk ramin da ke bi zuwa wajenta daga wani suwic, ka sa ip dhcp snooping trust. Duk Offer da ta fito daga ramin da ba a amince da shi ba, suwic zai zubar da ita. Ka sa layin amincewar tukuna kafin ka kunna tsaron, in ba haka ba sabarka ta gaskiya ita ma za a toshe mata baki, ofis duka ya tsaya. Akwai kuma wani tarko: suwic ɗin da ke wannan tsaro yakan liƙa bayanin zaɓi na 82 a saƙon na'ura alhali filin giaddr, inda mai isar da saƙo ga saba ke rubuta adireshinsa, babu komai, na'urar Cisco da ke gaba kuma takan ƙi irin wannan saƙo. Idan kana da ƙananan suwic a ƙarƙashin babban, kuma adireshi ya daina fita bayan ka kunna, sa no ip dhcp snooping information option a kan ƙananan.

Malama Mai Rauta:

Ɗan'uwa, VLAN 20 ba zai taɓa samu ba sai ka sa masa ɗan aike. Saƙon Discover yana fita daga 0.0.0.0 zuwa 255.255.255.255, daga tashar UDP 68 zuwa 67, kuma shela ba ta tsallake rauta. Sabarka tana VLAN 10, ba ta ma san ana kira a 20 ba. A kan suwic:

interface Vlan20
 ip address 192.168.20.1 255.255.255.0
 ip helper-address 192.168.10.2

Wurin da ake sa shi ne mutane ke yawan kuskurewa. A gefen masu neman adireshi ake sa shi, wato Vlan20, ba a Vlan10 ba. Suwic zai karɓi shelar, ya rubuta 192.168.20.1 a filin giaddr, ya aika wa sabar kai tsaye. Da wannan filin sabar ke gane daga wane rumbu za ta ɗebo. Don haka dole ka ƙara mata:

subnet 192.168.20.0 netmask 255.255.255.0 {
  range 192.168.20.20 192.168.20.250;
  option routers 192.168.20.1;
  option domain-name-servers 192.168.20.1;
  default-lease-time 3600;
  max-lease-time 7200;
}

Nan ma DNS ka sa wanda baƙi za su iya kaiwa gare shi. Idan ka manta wannan sashe gaba ɗaya, za ka ga "unknown network segment" a rajistar sabar.

Sai ka tsaya a kan sabar ka saurara yayin da wata waya ke ƙoƙarin shiga:

tcpdump -i ens18 -n port 67 or port 68

Canza ens18 da sunan katin netwok ɗinka. Idan babu abin da ya iso, matsalar tana baya: ko ramin da na'urar waifai take bai bar VLAN 20 ya wuce ba, ka duba da show interfaces trunk, ko kuma sunan waifai na baƙi ba a ɗaura shi da lamba 20 ba. Idan Discover na isowa, Offer na fita, amma Request ba ta biyo baya, amsar ce ke ɓata a hanya. Sabar tana mayar da ita zuwa 192.168.20.1, to ka tabbatar ƙofar fitarta ta san hanyar can. Yi wa 192.168.20.1 ping daga sabar, nan take za ka gane.

Abu na gaba zai same ka ranar da ka katange baƙi daga netwok ɗin ma'aikata, kuma ya kamata ka katange su. Na'ura tana sabunta haya idan rabin wa'adi ya cika, kuma a wannan karon ba shela take yi ba, kai tsaye take aika wa 192.168.10.2. Idan dokarka ta hana komai zuwa 192.168.10.0/24, wannan saƙo ba zai kai ba, sai ta jira kashi 87.5 cikin 100 na wa'adin ya wuce ta koma shela. Ka bar UDP 67 zuwa adireshin sabar a saman dokar hanin, ka kuma bar shelar farko mai fitowa daga 0.0.0.0.

Ɗan Linux:

Firintar mai sauƙi ce. .150 yana tsakiyar rumbu, sabar ba ta san an sa wa wani shi da hannu ba. Takan yi wa adireshi ping kafin ta bayar, amma idan firintar a kashe take ko ta yi barci ba ta amsa ba, sai ta ba wata waya. Firinta ta farka, su biyu kan adireshi ɗaya. Mayar da ita kan karɓar adireshi da kanta, ka keɓe mata ɗaya a wajen rumbu:

host firinta1 {
  hardware ethernet aa:bb:cc:dd:ee:ff;
  fixed-address 192.168.10.21;
}

Kada ka manta da gyara adireshin a kwamfutocin da ke bugawa ta cikinta.

Sai dai ban yarda da awa 8 ga kwamfutocin da ke kan kebul ba. Saba ɗaya ce. Idan ta faɗi, wanda ya kusa sabuntawa awa 4 kacal ya rage masa, duk wanda ya kunna kwamfuta da safe kuma hayarsa ta jiya ta riga ta ƙare. Tun da rumbu ya zama 201 kuma baƙi za su koma nasu VLAN, awa 24 ta fi, daƙiƙa 86400 ke nan.

Sannan ka sani ISC ta daina kula da wannan manhaja tun ƙarshen 2022, Kea ce magajiyarta. Ba yau za ka ƙaura ba, gyara wannan ta zauna tukuna. Idan lokaci ya yi, akwai keama da ke juya dhcpd.conf zuwa tsarin JSON na Kea, amma ka bi abin da ta fitar layi-layi, ba komai take iya juyawa ba.

Mai Gadin Saba:

Maganarsa a kan wa'adi daidai ce, bayan baƙi sun tashi daga VLAN 10. Kafin nan ka riƙe awa 8, ka ɗaga daga baya.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. An sami rautar, an kashe DHCP ɗinta, an faɗaɗa rumbu, baƙi ma sun fara samu. Saura abu ɗaya: kwamfutocin kebul idan aka kunna su da safe sukan yi kusan rabin minti babu netwok, wasu har su fara nuna 169.254 kafin su dawo daidai. Wayoyi ba sa yin haka.

Injiniya Mai Suwic:

Amin, Malam. Wannan daga suwic ne, sabar ba ta da hannu. Tsarin STP na asali, mai hana saƙo yin kewaye tsakanin suwic da suwic, yana riƙe rami daƙiƙa 15 yana saurare, wasu 15 yana koyo, kafin ya bar komai ya wuce. Kwamfuta tana aika Discover a cikin daƙiƙa 30 ɗin nan, duk a zubar. Wayoyi ba sa gani saboda ramin na'urar waifai a buɗe yake tun tuni. A ramukan da kwamfuta ko firinta ke jone:

interface range gi1/0/1 - 40
 spanning-tree portfast
 spanning-tree bpduguard enable

Lambobin ramukan ka daidaita su da naka. Layin portfast shi ke cire wannan jira, kada ka sa shi a ramin da ke zuwa wani suwic. Layin bpduguard shi ke rufe rami idan wani ya jona suwic mai aika saƙon STP a inda ba a tsara ba. Idan ka ga rami ya koma err-disabled, cire abin da aka jona, sannan ka yi masa shutdown da no shutdown ya dawo.