Ƙafafun Inna sun ƙi ɗaukarta tun jiya: asibiti ko mu haƙura a gida?

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu na fama da ciwon dajin nono, har ya shiga ƙashi. Wata uku ke nan da dawowarmu daga Yamai, likitoci sun ce abin da ya rage shi ne a riƙa rage mata raɗaɗi. A unguwar Birni muke, a Damagaram. Kwana huɗu tana kuka da baya, wai kamar an ɗaure mata ƙugu da igiya, da dare ya fi tsanani. Jiya da la'asar ta miƙe za ta yi alwala, ƙafafu suka ƙi, buta ta kuɓuce mata. Tun asuba kuma ba fitsari, mara ta kumbura. Kawu ya ce a bar ta ta huta, tunda ba waraka. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Wani majo (ma'aikacin jinya) daga Sabon Gari:
Ƙanwata, ku kai ta Babban Asibitin Damagaram yanzu, kada ku jira gobe. Ciwon baya irin wannan, da mutuwar ƙafa, da tsayawar fitsari, alamu ne na ciwon ya danne lakar baya. Awanni ake ƙirgawa: wanda aka kai yana iya motsa ƙafa ya fi samun damar ci gaba da takawa. Likita zai iya ba ta deksametazon don kumburin ya sauka, a sa mata robar fitsari, nan take marar za ta saki. Gashin ciwon daji da na'ura kuwa sai Yamai, kusan kilomita 900, likita ne zai duba ko jikinta zai ɗauka. Kada a ɗora ta a kan babur. Ku ɗauke ta a kwance, baya a miƙe, in ba mota ku kira 'yan kwana-kwana a 18. Ku tafi da takardunta da duk magungunan da take sha. Kada kowa ya sayo mata tiramadol na tebur.

Wata uwa daga Zango:
Ɗiyata, Allah ya ba ku lada. Ni na yi jinyar maigidana shekara guda. In numfashi ya sarƙe, ku zaunar da ita, ku buɗe taga, a yi mata fifita a fuska. In jini ya ɓalle daga gyambon nonon, a danne da zane mai duhu, fari yana firgita mara lafiya, kuma kada a bar ta ita kaɗai. In ta kasa haɗiya, kada a yi mata ɗure, sai dai a jiƙa leɓe da auduga. Ƙishirwa mai yawa da ruɗewa kuma kada ku ce iska ce, a gwada jininta.

Wani dattijo:
Ku je wa kawunku da ladabi, tausayi ne ya sa ya faɗi haka. Amma ita mai ciwon tana cikin hankalinta, ku tambaye ta abin da take so.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Mun tambaye ta, ta ce a kai ta. Kawu da kansa ya nemo mota. An sa robar, fitsari ya fito, ta samu barci. Tana iya motsa yatsun ƙafar dama. Ku sa mu a addu'a.