Baba ya kasa jan inhela mai gari tunda aka sallame mu daga asibiti

Auta_Gwale:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka. Mahaifina shekara 71, ya daɗe da ciwon huhun nan da likitoci ke kira COPD, hunturun nan ya tayar masa muka kwana 9 a asibiti ana masa nebulaiza (na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa) da oksijin. Ranar sallama aka rubuta mana Seretide, inhela mai gari wato maganin da ake zuƙa ta baki, mai zagaye kamar faifai, wadda ake tura kunamarta ta yi ƙas sai a ja. To wlh in ya ja ko ƙirjinsa ba ya ɗagawa, in na duba harshensa sai in ga gari fari-fari a kai. Jiya da dare hakin ya dawo, daga ɗaki zuwa bayi sai da ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Maganin ne jabu ko mu ne ba mu iya ba?

Nas_mai_aikin_dare:
Allah ya ba Baba lafiya. Ba lallai jabu ba ne, abin da kika gani a harshensa kullum muna ganinsa. Inhela mai gari ba ta fesa komai da kanta, ƙarfin zuƙar mutum ne ke fasa garin ya kai shi can cikin huhu, galibinsu suna son zuƙa mai kusan lita 60 a minti, in ta gaza 30 kuwa yawancin maganin a baki da maƙogwaro yake tsayawa. Dattijon da ya yi kwana 9 a gado bai ci abinci sosai ba, naman ƙirjinsa ya saki, ga iska ta maƙale a huhu, ina zai samo wannan ƙarfin? Akwai ɗan bututu, In-Check DIAL, da ake auna zuƙar kafin sallama amma ba ko'ina ake da shi ba, kuma gaskiya abin na ƙona min rai, a miƙa wa tsoho magani mai tsada ba a ce ja in gani ba. Ku koma wajen likitansa da inhelar a hannu ya ja a gabansa. Kar ku daina da kanku. In kuma leɓensa ya yi shuɗi ko ya kasa gama magana, yanzu-yanzu ku tafi imajansi.

Maman_Biyu:
Haka ya faru da Innarmu, ita ko taba ba ta taɓa sha ba, hayaƙin murhu ne na shekara da shekaru. Aka canza mata zuwa mai fesawa da sifesa, wata gora ce ake jona bakin inhelar a jiki, a fesa sau ɗaya ta shaƙa a hankali. Da tamu ta fashe nas ce ta huda mana gindin robar ruwa muka lallaɓa da ita.

Ɗan_Kemis:
Ƙari kaɗan Auta, mai gari da ƙarfi ake ja, mai fesawa a hankali, mutane na cakuɗa su. Ya fitar da numfashi gefe tukuna, kar ya hura cikin faifan don danshi na dunƙule garin, ya riƙe numfashi kamar daƙiƙa 10 in zai iya, sannan ya kuskure baki ya tofar saboda farin ƙurajen baki. Ki tambayi likita batun wata inhela mai suna Respimat ma, hazo take fitarwa a hankali ba ta son ƙarfi, sai dai kuɗinta.

Auta_Gwale:
Kai, ashe ciki yake hurawa kafin ya ja, da idona na gani ban san laifi ba ne. Na gode sosai, gobe da sassafe Yaya zai kai mu, zan sa faifan a jaka tun yanzu.