Neman bayani kan inshorar mai haya bayan gobara a Garwa

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana dokar inshora a nan Kamaru, domin wani lamari ya ɗaure mini kai.

Shekara huɗu ke nan ina haya a wani gida a Garwa. A watan jiya wayar lantarki ta yi tartsatsi cikin dare, wuta ta cinye silin ɗin falo da kujeru da keken ɗinkin maiɗakina, wanda da shi take taimaka mana wajen cefane. Alhamdu lillahi, babu wanda ya ji rauni.

Mai gidan, dattijo ne da nake girmamawa, ya ce inshorarsa ta ginin ce kawai, kuma kamfaninsa zai iya bina kuɗin gyara, tunda sashe na 1733 na dokar farar hula ya ɗora alhakin gobara a kan mai haya, sai dai idan ya tabbatar da cewa tsautsayi ne ko lahanin gini ko wutar maƙwabta.

Ni ma ina da inshora, na biya kuɗinta cif, na kuma sanar da kamfanin cikin kwana 5 kamar yadda dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ta tanada. Amma a takardata an rubuta "risques locatifs" kaɗai, wato alhakin da ke kan mai haya. Shin wannan yana biyan ɓarnar ginin ne kawai, ban da kayan ɗakina? Kuma tunda wayar ta tsufa tun kafin in tare, wa zai tabbatar da hakan: masanin da kamfani ya turo, ko ina da ikon ɗauko nawa?